Da Wane Suna Yake Waiwayowa?

Shagona yana kallon ƙofar kotun garinmu, titi ne kawai tsakaninmu. Shekara goma sha huɗu ke nan ina yi wa mutane fotokwafi, ina sayar musu da kan sarki da fayil. Sunana Fatahiyya, kuma duk wanda ya ce maka ba ni da son jin ƙwaƙwaf to bai san ni ba. Takardar da aka miƙo mini sai na karance ta tas kafin injin ya tofo ta. Na san wanda ya saki matarsa, na san wanda ya mari maƙwabcinsa a kan akuya. Mutum ɗaya ne ya gagare ni karantawa, kuma a bakin ƙofata yake zama.

Baffa Bayyumi shekara talatin da ɗaya ya yi yana kiran suna a kotun nan. Shi ne wanda kan buɗe ƙofa ya daka tsawa, “Kotu!” kowa ya miƙe, sannan ya riƙa kiran masu shari'a ɗaya bayan ɗaya. Ɗan siririn mutum ne, in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi, amma mai sayar da wake da gurasa a ƙarshen titi ya rantse mini cewa da muryarsa yake sanin lokacin sauke tukunya. Da ya yi ritaya, mako bai cika ba sai na zo buɗe shago na tarar da shi a kan kujerar katako, a inuwar rumfata.

Na ce, “Baffa, wa ya ba ka wurin nan?”

Ya ce, “Rumfar taki ce, 'yata. Inuwar kuma ta Allah ce.”

Shi ke nan ya zauna, yau shekara bakwai.

Aikin da ya ɗorar wa kansa shi ne nemo mutanen da hukuma ta ɗauke. A nan in an kama naka, wahalar farko ita ce sanin inda yake. Caji ofis su ce an kai shi wurin mai gabatar da ƙara, can su ce an mayar da shi, ka dawo a ce yanzu motar ta fita. In kuwa kwamfuta ta nuna akwai tsohon hukunci a kan sunansa, sai a shiga yawo da shi daga wannan ofis zuwa wancan, abin da muke kira dunduniya mai zagaye. Mata da tsofaffi su yi ta bin shuɗiyar motar fursuna da ƙullin abinci a hannu. Baffa Bayyumi ya san tagar da za a je, ya san kundin da za a buɗe, ya san akawun da ba a yi masa magana sai ya karya kumallo. Ba ya karɓar komai. Shayin yansun kawai yake sha, wanda ake sha don gyaran maƙogwaro, kofi uku a rana, duk da cewa babu sauran mai buƙatar muryarsa.

Duk wanda ya zo, tambaya uku yake yi masa. Ta farko sunan mutum huɗu kamar yadda yake a kati: nasa, na uba, na kaka, na kakan uba. Ta biyu sunan uwa, domin a ƙasar nan mutum ɗari za su iya haɗa suna huɗu, amma da wuya su haɗa uwa. Waɗannan kowane lauya yana tambaya. Ta ukun ce ta hana ni sakat.

“Da wane suna yake waiwayowa?”

Mutane su yi turus. Sai ya ce, “In yana tafiya a kasuwa ka kira shi ta baya, da wane suna zai juyo?” Wani ya ce Bulbul, wani ya ce Abu Ali, wani ya ce ai sunansa na kati. Sai ya rubuta a gefen takarda. Ban taɓa ganin ranar da amsar ta yi masa amfani ba. Kundin kotu bai san Bulbul ba.

Na tambaye shi ya fi sau ashirin. Wata rana ya ce mini al'ada ce kawai. Wata rana ya ce, “Ke dai da za a kwafi harshenki, da takarda ta ƙare a Masar.” Na yi dariya, amma ban yarda ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Wata Alhamis da hantsi, lokacin da gwaiba ta cika kasuwa, wata dattijuwar ƙauye ta tsaya a gaban shagona. Baƙin mayafi, takalmin roba duk ƙura, ta rungume wani kofin silba da ta ɗaure bakinsa da tsumma. Mai shayi ne ya nuno mata Baffa.

“Alhaji, an ce kai kake nemo mutane.”

“Allah ke nemowa, 'yar'uwa. Zauna. Wa ya ɓata?”

Ta ce mijinta ne. Ranar Litinin suna cikin ƙaramar bas za su je ganin 'yarsu da ta haihu, aka tsayar da su a shinge, aka karɓi katin maza, aka sauke shi. Ɗansu Sabir yana aiki a Jodan, ba ta da kowa. Caji ofis uku ta je, kowanne ya ce ba su da mai wannan suna. Sai ta kwance tsumman ta nuna mana. Ƙanƙara ce ta kusa narkewa, da 'yar kwalbar allura a ciki.

“Ciwon suga gare shi. Safe da yamma nake yi masa. Yau kwana huɗu.”

Na dubi agogo. Ƙarfe goma da rabi. Ƙarfe biyu ake rufe ofisoshi, gobe Juma'a, jibi Asabar, ranakun hutu a nan. In ba a same shi yau ba sai Lahadi, kuma ni mahaifina da wannan ciwon ya tafi, na san abin da kwana bakwai ke nufi.

Baffa ya ciro biro. “Sunansa?”

“Shahhat.”

Biron ya tsaya. Ma'anar Shahhat dai mai bara ke nan, irin sunan da matan ƙauye ke sa wa ɗa in 'ya'yansu ba sa zama, don kada ido ya yi sha'awarsa. Ba baƙon suna ba ne. Na sha jin an faɗe shi a gaban Baffa, kuma kullum sai ya ɗan ɗaga kai, amma ban taɓa haɗa lissafin ba sai ranar.

“A kati fa?”

“A kati ba sunansa ba ne, Alhaji. Na yayansa ne da ya rasu yana wata huɗu. Da aka haifi mijina ubansu ya ce ga takardar haihuwa a ajiye, me zai kai shi birni neman wata? Surukata kuwa ta hana a ambaci sunan a gidan. Ni kaina sau ɗaya na ji shi, ranar ɗaurin aurenmu. Abdul ne dai, Abdul wani abu.”

Baffa ya ajiye biron a hankali. Ya ce, “Abdul-Maƙsud Rizƙ Hilal Abu Zaid. Uwarsa Hanim.”

Matar ta ja da baya har ƙanƙarar ta yi ƙara a kofi. “A'uzubillahi! Alhaji, duba kake yi?”

Baffa ya zaro walat ɗinsa, ya fito da wata takarda da aka ninke ta har ta yi laushi kamar ƙyalle, ya miƙo mini. “Kwafa mini biyu, Fatahiyya. Na san za ki karanta, karanta.”

Sammaci ne, na shekara goma sha tara da suka wuce. Wai mai wannan suna ya fasa bakin magudanar ruwa ya shayar da gonarsa ba ranar layinsa ba. A tsakiyar takardar akwai tabo mai ruwan ɗorawa. Injina tsoho ne, sai ya yi ɗumi kafin ya kama, kuma kafin ya yi ɗumin Baffa ya ba ni amsar da na yi shekara bakwai ina nema, a tsaye, idonsa a kan titi.

Ya ce ranar ya kira sunan sau uku, da muryar da har mai wake ke ji. Ba wanda ya amsa. Alƙali ya yanke wata ɗaya a bayan idon mai laifi, aka wuce shari'a ta gaba. Da aka tashi yana kulle ɗakin, sai ya ga wani baƙauye zaune a bencin baranda shi kaɗai. Mutumin ya ce, “Ranka ya daɗe, yaushe za a kira ni?” Baffa yunwa yake ji, ƙafarsa na ciwo. Ya ce sunanka? Ya ce Shahhat. Ya ce babu Shahhat yau, je ka gida. Bai ko nemi ganin takardarsa ba. Mutumin ya yi ta godiya, ya ciro gwaiba biyu daga aljihu, ya naɗe a takardar da ke hannunsa ya ba shi.

“Sai da na je gida na warware, na ga sunan da na kira sau uku.”

“To me ya hana ka bin sa, Baffa? Ga sunan ƙauyen a rubuce.”

“Gobe.” Ya goge fuska da tafin hannu. “Na ce gobe zan je. Da ya zo cikin kwanakin da doka ta ba shi, da magana ta mutu a zama ɗaya. Amma in je in ce wa mutum ni na kore ka? In alƙali ya ji fa? Gobe, gobe, har shekara ta zagayo. Da na je na tambayi Abdul-Maƙsud, aka ce wannan ai jariri ne ya mutu tun zamanin sarki. Na tambayi Shahhat, aka ce ya sayar da gonar ya kwashi iyalinsa sun tafi sababbin gonakin sahara.”

Gaskiya na ji haushinsa. Mutumin da nake ganin ya fi kowa tsayawa a kan al'amarin mutane, ashe tsoro ya taɓa zaunar da shi shekara guda. Na kuma ji tausayinsa, don na tuna kofunan yansun ɗin nan. Amma ba lokacin ko ɗaya ba ne. Na ja ƙofar shago na sa kwaɗo, abin da ban taɓa yi da rana ba ko ranar da haƙorina ya kumbura.

“Ina za ki?”

“In zauna a ba ni labari? Allah ya kiyaye.”

Muka tsallaka titi mu uku, matar, wadda ta ce a kira ta Ummu Sabir, tana biye da kofinta. Muka gangara ɗakin ajiyar kundaye a ƙasan bene, inda Ustazu Girgis ke zaune tsakanin tulin littattafai yana cin gurasa da cuku. Shi da Baffa tare suka tsufa a ginin.

“Bayyumi, yau Alhamis. Ko uwata ce ta taso daga kabari ba zan ɗaga kundi ba.”

“Ba sai ka nema ba, malalaci. Ga lamba, ga shekara. Kanta ta uku daga sama, mai koren bango, wajen shafi na ɗari biyu da arba'in.”

Girgis ya dube shi ta saman tabarau. “Wannan ai kundin da kake zuwa gaisarwa duk shekara ne. Na ɗauka budurwa ka ɓoye a ciki.”

“Mai shi ya zo.”

Girgis ya ajiye gurasar. Ya hau kujera da kansa ya sauko da kundin, ƙura ta tashi har Ummu Sabir ta yi atishawa. Ga layin nan da shuɗin tawada. Ya ce hukuncin ya mutu da kansa tun tuni saboda daɗewa, sai dai ba wanda ya gaya wa kwamfuta, ita kuwa ba ta mantuwa kuma ba ta yafiya. Ya rubuta shaidar haka, ya hura wa hatimin hukuma mai hoton mikiya numfashi ya danna. Sha biyu saura kwata.

Sama muka hau wurin mai gabatar da ƙara, muka jira ya gama waya, ya gama shayi, ya gama wata wayar. Saurayi ne, bai san Baffa ba. Ya karanta, ya ce to, a kawo mutumin ya gan shi ya sa hannu. Ina mutumin? Akawunsa ya bi jerin sunayen ranar da yatsa, sai ga shi: an kawo shi ginin nan da safe a shuɗiyar mota. Duk yawon da muke yi yana ƙarƙashin ƙafafunmu. Ɗaya da kwata.

Ɗakin tsaron yana bayan ginin, ƙofar ƙarfe da 'yar taga mai raga. Sajan Atiyya ne a bakin ƙofa, ƙaton mutum mai gashin baki, yana fifita da fayil.

“Baffa, wallahi sau biyu na kira sunan nan. Ba wanda ya amsa. Masu gadin safe sun tashi, ni na karɓi mutanen a ƙirge ne, ban san fuska ba. Wataƙila an bar shi a caji ofis aka turo takardarsa. Ƙarfe biyu motar za ta kwashe su.”

“Mutum nawa ne a ciki?”

“Arba'in da uku.”

“A takarda fa?”

Sajan ya duba, ya sosa ƙeya. “Arba'in da uku.”

“To bari in kira.”

“Haba Baffa, kai da ka yi ritaya.”

“Ni na yi. Ita muryar ba ta yi ba.”

Sajan ya yi dariya ya matsa gefe. Baffa ya miƙa mini hularsa, ban san dalili ba. Ya kama ragar tagar da hannu biyu, ya gyara tsayuwa kamar yadda na sha ganin yana yi a ƙofar kotu, ya ja numfashi.

“Shahhaaat!”

Tattabarun rufin ginin suka tashi. Hayaniyar ciki ta ɗauke ɗif. Muka saurara, ba komai. Ummu Sabir ta matse kofin a ƙirjinta. Wani daga ciki ya ce, “Akwai wani tsoho kwance a lungu tun safe.” Baffa ya sake kira, wannan karon har sajan ya toshe kunne. Sai muka ji wata 'yar murya daga can ƙurya, kamar ta wanda aka tasa daga barci.

“Na'am.”

Mutum biyu suka tallabo shi. Leɓensa ya bushe ya tsage, idanunsa sun faɗa. Ummu Sabir ba ta yi kuka ba, faɗa ta kama yi masa tana ɗage masa hannun riga. “Kai dai ba ka ji! Ana kiranka kana kwance kamar buhun albasa!” Ya ce, “Ni ba a kira ni ba. Marigayi na ji suna kira, na ce Allah ya jiƙansa.” Sajan ya juya baya, kafaɗunsa na girgiza.

Biyu saura minti goma aka sa hannu. Sajan ya ce sai an koma da shi caji ofis a sallame shi daga can, amma ya bar shi ya huta a bencin baranda kafin motar ta tashi, da ruwa da gurasa. Baffa ya tsaya a gabansa kamar mai laifi a gaban alƙali, ya faɗa masa komai, bai rage ba har da goben.

Shahhat ya ƙura masa ido. “Kai ne mai muryar nan? Ikon Allah! Ai na sha ba 'ya'yana labarinka. Na ce na je kotu na haɗu da mutumin kirki, ya sallame ni ko tambaya ba a yi mini ba.”

“Ba sallamarka na yi ba, ɗan'uwa. Jefa ka na yi. Kwana huɗun nan ni na jawo maka.”

“Kai ka hana ubana zuwa birni?” Ya kurɓi ruwa. Sai ya ce, “Gwaibar nan daga bishiyar uwata ce. Wanda ya sayi gonar ya sare ta. Ta yi zaƙi ko?”

Baffa ya sunkuyar da kai. “Ban ci ba. Na kasa. A kan taga suka ruɓe.”

“Ka bar su suka ruɓe?” Tsohon ya girgiza kai. “To wannan kam ban yafe ba.”

Kafin su tafi na buɗe shago na kwafa musu shaidar guda biyar. Na ja kunnen Ummu Sabir, na ce kwamfuta tana iya yin wata shida ba a goge sunan ba, kada ya kuskura ya fita ko masallaci ba tare da ɗaya a aljihu ba. Ta ce in sha Allahu, 'yata, kamar laya zai riƙe ta.

Ranar Lahadi da safe direban bas ɗin ƙauyensu ya tsaya a gaban shago ya miƙo ƙunshi, ya ce saƙon mai murya ne. Baffa ya warware a kan cinyarsa. Gwaiba biyu ne manya, masu ƙamshi. Ni kuwa idona, da ba ya barin takarda ta wuce, ya sauka a kan abin da aka naɗe su. Ga hatimin mikiya nan, ruwan gwaiba ya jiƙa shi.

Na ce, “Innalillahi! Baffa, ka ga abin da mutumin nan ya yi? In haka yake yi da sauran huɗun, kafin Laraba an sake sauke shi a shinge!”

Baffa ya goge gwaiba ɗaya a hannun rigarsa ya gatsa. Ya cinye ta har 'ya'yan, a hankali, hawaye na bin kumatunsa bai share ba. Ya cinye ta biyun ma, ko tayi bai yi mini ba. Mai shayi ya kawo yansun ya ajiye, bai taɓa ba.

Ya ce, “Kwafa mini goma, ki sa su a leda. Da kaina zan kai masa.”

Na ce injin bai yi ɗumi ba, kuma rana ta fara zafi, ƙauyen da nisa, ya bari gobe da sassafe.

Ya miƙe ya sa hularsa, ya ɗauki sandarsa.

“Kunna shi, Fatahiyya. Zan jira a tsaye.”